ABIN DA ƁERA YA KOYA MANA GAME DA TIRAMOL

Jawabin wata ma'aikaciyar lafiyar al'umma a zaman wayar da kai na iyaye da matasa, unguwar Akodesewa, Lome



Malamanmu da dattawanmu, iyayena mata, shugabannin masu zemijan da direbobin manyan motoci, ƙannena samari da 'yan mata, barkanmu da yamma. Na gode muku da kuka bar sana'o'inku kuka zo kuka zauna. Kun saba kirana likita, amma takardar da nake riƙe da ita ta aikin jinya ce. Aikina bin gida-gida ne, in wanke rauni, in auna jini, in raka mara lafiya asibiti. Da wannan ɗan matsayi zan yi magana, in na yi kuskure manya su gyara mini.

A daminar da ta wuce, wata uwa ta buga mini ƙofa bayan sallar isha'i. Ɗanta mai shekara 22, mai zemijan, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, kumfa na fita ta bakinsa. Mutanen gida sun ce iska ce ta taɓa shi. Da na laluba aljihunsa sai na ciro katin ƙwaya, an rubuta 225 a jikinsa, saura uku a ciki. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Bayan an sallamo shi daga asibiti, uwar ta ja ni gefe ta ce: "Malama, yaron nan sau uku yana rantse mini ya daina. Ƙarya yake yi mini, ko kuwa asiri aka yi masa?"

Amsar wannan tambaya na zo da ita yau. Abin mamaki, mafi yawanta daga ɓeraye aka samo ta.

Me ya haɗa mu da ɓera?

Ba a iya buɗe kan mutum mai rai don a ga yadda ƙwaya ke aiki a ciki. Shi ya sa masana suka koma ga ɓerayen da ake kiwo a ɗakunan gwaje-gwaje, domin sassan ƙwaƙwalwa masu kula da zafi da daɗi da tsoro da numfashi sun yi kama sosai tsakaninmu da su. Tun 1941 akwai gwaji mai sauƙi: a haska zafi a wutsiyar ɓera, a ƙidaya daƙiƙa nawa zai yi kafin ya fizge ta. In an ba shi maganin kashe zafi mai ƙarfi, sai ya daɗe bai fizge ba. Da irin wannan aka auna magunguna da dama da muke amfana da su yau.

Tiramol, wanda sunansa na asibiti Tramadol, dangi ɗaya ne da kodin da mofin da hiroyin da tafentadol. Mofin da kodin daga ƙaron wani fure ake samunsu. Tiramol kuwa haɗa shi aka yi a kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. Magani ne na gaske, an yi shi ne domin mai karaya da wanda aka yi wa tiyata da makamantansu.

Kwaɗo da mabuɗi

A 1973, Candace Pert da Solomon Snyder na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka gano cewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera akwai wasu 'yan gurabu da mofin ke shiga daidai wa daida, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Sai tambaya ta taso: me ya sa za a halicci jiki da kwaɗon da mabuɗinsa ke cikin wani fure? A 1975, John Hughes da Hans Kosterlitz na jami'ar Aberdeen a Birtaniya suka samo amsa. Ashe jiki yana da nasa mabuɗin. Yana sarrafa wasu sinadarai, waɗanda ake kira enkefalin da endofin, su ne ke rage raɗaɗin rauni, su ne kuma ke cikin abin da ke kawo sanyin rai bayan wahala. Jiki yana sakinsu ne kaɗan-kaɗan, a lokacin da ya dace, kuma nan da nan ya share su.

Ƙwaya mabuɗin aro ce. Tana shiga kwaɗon nan da yawa, ta daɗe a ciki, kuma ba ruwanta da ko akwai ciwo ko babu.

A 1996, masu bincike a birnin Strasbourg na Faransa, ƙarƙashin Brigitte Kieffer, suka samar da ɓerayen da aka haifa ba su da babban kwaɗon nan. Da aka ba su mofin, bai kashe musu zafi ba, ba su nuna sha'awarsa ba, jikinsu kuma bai saba da shi ba. Darasin a fili yake: kashe zafi da jin daɗi da kamuwa duk ta ƙofa ɗaya suke shiga. Wanda ya ce maka akwai irin wannan ƙwaya mai ba da ƙarfi kawai ba ta kama mutum, ya yaudare ka.

Yadda sha'awa ke kafuwa

A 1954, James Olds da Peter Milner na jami'ar McGill a Kanada suka sa wata siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani madanni. Duk lokacin da ɓeran ya taka madannin, sai ɗan lantarki kaɗan ya taɓa wurin. Ɓeran ya riƙa takawa fiye da sau dubu a awa guda. A nan aka gane akwai hanya ta musamman a ƙwaƙwalwa wadda aikinta shi ne ta ce wa mai rai: wannan abu yana da amfani, ka sake. Ita ce ke sa mu nemi abinci da ruwa da abokin zama. Sinadarin da ke ɗauke da wannan saƙo sunansa dofamin.

A 1962, James Weeks a Amurka ya haɗa madanni da allurar mofin da ke shiga jijiyar ɓera.  Da ƙafarsu suka riƙa yi wa kansu allura. A 1988 kuma, Gaetano Di Chiara da Assunta Imperato a Cagliari ta Italiya suka auna ruwan ƙwaƙwalwar ɓeraye masu yawo, suka ga mofin yana ɗaga dofamin a wannan hanya.

Ƙannena masu babur za su fi kowa gane yadda abin yake. Hanyar dofamin tana da birki, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da shi. Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta sassauta birkin. Kun san abin da ke faruwa da babur a gangara in birki ya saki.

Akwai wani gwaji da nake so iyaye su riƙe. Ana sa ɓera a akwati mai ɗaki biyu, launinsu da daɓensu daban. A ɗaki ɗaya ake ba shi mofin, a ɗayan ruwan gishiri. Bayan 'yan kwanaki sai a buɗe ƙofar tsakani, ba a ba shi komai ba. Sai a ga ya tafi ya tare a ɗakin da ya saba samun ƙwaya. Ƙwaƙwalwa ba ƙwayar kaɗai take haddacewa ba, har wurin da lokacin da abokan. Saboda haka yaron da ya yi mako biyu bai sha ba, ranar da ya koma tashar da ya saba, ya zauna a teburin mai shayin da ya saba, sai sha'awar ta taso masa kamar jiya ya bari. Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Masana sun nuna mai wayo ma yana ɗauruwa a wannan turke.

Ƙarfin aro

In aka ci gaba da ba ɓera mofin kullum, cikin 'yan kwanaki sai ya koma fizge wutsiyarsa da wuri kamar ba a ba shi komai ba. Sai an ƙara masa kafin ya yi aiki. Ƙwaƙwalwa ce ke kare kanta: tana rage jin kwaɗon, tana kuma ƙara wa sassan da ƙwayar ke dannewa ƙaimi. Shi ya sa wanda ya fara da ƙwaya ɗaya a cikin kofi da asuba, bayan watanni sai ka same shi yana shan huɗu ko biyar, kuma bai kai jin daɗin ranar farko ba.

To, in aka yanke ƙwayar fa? A 1978, George Aghajanian na jami'ar Yale ya saurari wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera, wanda aikinsa kamar na mai gadi ne, shi ke farkar da jiki in akwai haɗari. Mofin yana sa mai gadin nan shiru. Amma da an cire mofin daga ɓeran da ya saba, sai mai gadin ya ɓarke da ƙara fiye da ƙa'ida. Ɓeran da ke cikin wannan hali yakan riƙa karkaɗa jiki kamar karen da ya fito daga ruwa, haƙoransa na kaɗawa, ga zawo, ga rama. Ku kwatanta da yaronku ranar da bai samu ba: gumi, hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, rashin barci, faɗa da kowa. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. An kuma ga ɓerayen da suka daɗe a kan irin waɗannan magunguna suna ƙara jin zafi fiye da da. Wato ƙwayar da aka fara sha don ciwon baya tana iya zama mai ƙara ciwon.

Ga wani labari daga maƙwabta. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun samu tiramol a saiwar tafashiya a ƙasar Kamaru, har aka fara murna cewa itace na haifar da shi. A 2014 wata tawaga daga Dortmund ta Jamus ta bi sawu, ta gano cewa a yankin Arewa Mai Nisa manoma ne ke sha, suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji. Fitsari da kashi suka kai shi ƙasa, saiwa ta tsotsa, har a ruwa aka same shi. Ku duba inda abin ya kai. Sān da aka ba ƙwaya ba ƙarfi aka ƙara masa ba, an dai toshe masa jin gajiya ne. Gajiya kuwa saƙo ce daga jiki cewa a huta. Haka yake ga ɗan dako a bakin tashar jiragen ruwa, da direban da ke son ya kai Cinkasse ba tare da ya runtsa ba. Bashi ne suke ci daga jikinsu, kuma jiki ba ya yafe bashi.

Ta ina take kisa?

Ta hanya biyu. Ta farko numfashi. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke ba da umarnin shaƙa da fitarwa ko muna barci, shi ma yana da kwaɗon nan. In ƙwaya ta yi yawa sai numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya. Haɗa ta da giya ko maganin barci irin su Diazepam yana ninka wannan haɗari.

Ta biyu jijjiga. Tiramol ya bambanta da mofin domin yana da hannu biyu: ɗaya yana buɗe kwaɗo, ɗayan yana tara wasu sinadarai biyu masu zaburar da ƙwaƙwalwa, serotonin da noradirenalin. Wannan hannu na biyu ne ke sa mai sha ya ji kamar ya wartsake, kuma tiramol mai yawa yana jefa ɓera da mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Iyakar abin da likita ke ba babban mutum a yini guda shi ne miligiram 400, a rarrabe. Ƙwayar asibiti 50 ce ko 100. Wadda ake sayarwa a tebur kuwa 120 ce ko 200 ko 225 ko 250. Biyu kacal daga mai 225 sun riga sun haye iyaka. Kuma hantar mutane ba ɗaya ba ce wajen sarrafa shi. Abin da abokinka ya sha ya tashi, kai yana iya kayar da kai a kan titi da fasinja a baya.

A 1982, Shepard Siegel na jami'ar McMaster a Kanada ya saba wa ɓeraye da hiroyin a wani ɗaki, sannan ya ba su mai yawa. Waɗanda aka ba a ɗakin da ba su saba samu ba sun mutu kusan ninki biyu na waɗanda aka ba a ɗakin da suka saba. Juriyar jiki ba abin dogaro ba ce, tana canzawa. Tana kuma zubewa in an daina sha. Wanda ya fito daga asibiti ko gidan yari ko ya dawo daga doguwar tafiya, in ya koma kan adadinsa na da, yana iya zama shansa na ƙarshe.

Ɓera a keji, ɓera cikin dangi

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa. A ƙarshen shekarun 1970, Jaak Panksepp ya lura cewa 'yan kwikwiyo da 'yan tsaki da aka raba da uwa suna ta kuka, amma ɗan mofin kaɗan yana sa su shiru. Wato zafin rabuwa da zafin rauni suna da mahaɗa a ƙwaƙwalwa. A daidai wannan lokaci Bruce Alexander na jami'ar Simon Fraser a Kanada ya raba ɓeraye gida biyu: wasu kowa shi kaɗai a ƙaramin keji, wasu a fili mai faɗi tare da 'yan'uwansu. Na kejin sun fi shan ruwan mofin nesa ba kusa ba. Ba duk wanda ya maimaita gwajin ne ya samu daidai abin da ya samu ba, amma a 2018 Marco Venniro da Yavin Shaham a Baltimore suka ba ɓerayen da suka riga suka kamu zaɓi tsakanin madannin ƙwaya da madannin da ke buɗe ƙofa zuwa ga wani ɓera. Kusan kullum ɗan'uwansu suka zaɓa. Wasu gwaje-gwajen kuma sun nuna cewa ɓeran da ya daina nema, in aka tsorata shi ko aka wahalar da shi, sai ya koma madannin.

Mutum ba ɓera ba ne. Yana da hankali da imani da kunya, yana kuma da haya da kuɗin balas na babur da ɓera bai san da su ba. Zama da mutane kaɗai ba ya warkar da kowa. Amma iyayena, ku lura: duka da ɗauri da mari da kora daga gida su ne ainihin kaɗaici da tsoron da aka ga suna mayar da dabba ga ƙwaya. Me zai sa mu yi wa ɗanmu abin da aka tabbatar yana ƙara cutar?

In ɓera na da sata

Daddawa ma na da wari. Ƙwayar nan ba daga sama take faɗowa ba. Mafi yawanta daga Indiya take zuwa ta tashoshin ruwa na gaɓar tekunmu, ta bi hanyar Abijan zuwa Legas, ta haura arewa har Sahel. Ba ta san Aflawo ba, ba ta san Hilakonji ba. Binciken da Nijeriya ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba da umarnin likita ba. A shekarar ce Indiya ta tsaurara dokar tiramol, Nijeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin. Sai 'yan kasuwar suka sauya salo, suka kawo tafentadol haɗe da wani maganin sassauta tsoka, irin wanda ake sayarwa da sunan Tafrodol. A 2025, bayan binciken BBC, Indiya ta hana haɗa shi. Sunan zai ci gaba da canzawa, launin katin zai canza, kwaɗon da suke buɗewa dai ɗaya ne. Mai tebur da mai shayin da ke jefa ƙwaya a kofi 'yan unguwarmu ne, muna sallah sahu ɗaya. Dattawa, ku ne za ku iya yi musu magana su ji.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, in mutum ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki. In ta lafa a kwantar da shi a kan gefensa.

Na biyu, in ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana minshari mai nauyi, leɓensa ya canza launi, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, kada a ce a bar shi ya yi barci. A kira 118 ko a garzaya asibiti mafi kusa, a tafi da katin ƙwayar. Akwai allura mai suna Naloxone da ke fizge mabuɗin daga kwaɗo ta dawo da numfashi, amma ba ta maganin jijjigar tiramol, don haka dole sai asibiti.

Na uku, wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. Ma'aikacin lafiya zai tsara masa ragewa sannu a hankali. Wahalar jiki takan tsananta a kwanaki biyu zuwa uku na farko, ta sassauta cikin mako guda ko fiye kaɗan. Rashin barci da ƙuncin rai sukan ɗauki lokaci. A nan Lome akwai cibiyar kula da masu shaye-shaye ta CEPIAK a Kojobiyakope, akwai asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio, akwai kuma asibitin Zebe a Aneho. Zuwa can ba hauka ba ne. Wanda ke jin nauyi ya zo wurina, zan raka shi, kuma maganarsa ba za ta fita ba.

Na huɗu, a canza masa tasha da abokan zama na ɗan lokaci, a ba shi abin yi, a ci abinci tare da shi. In ya zame ya koma, a sake kamo hannunsa.

Na biyar, kada tsoro ya sa mu hana mai ciwon daji ko mai sikila ko wanda aka yi wa tiyata maganin da likita ya rubuta masa. Barin mara lafiya cikin azaba shi ma zalunci ne. A sha yadda aka ce, a ɓoye daga yara, kada a ba wani ragowar.

Na koma ga uwar nan. Na ce mata: Inna, ba ƙarya yake yi miki ba, kuma ba asiri ba ne. Ranar da ya rantse, da zuciya ɗaya ya rantse. Amma ƙwayar ta riga ta sauya ma'aunin ƙwaƙwalwarsa, rantsuwa kaɗai ba ta mayar da shi. Sai lokaci da magani da ku. Yaron ya bi tsarin ragewa. A wata na biyu ya zame sau ɗaya, ya zo da kansa ya faɗa mini. Yanzu yana aiki da rana kawai, kuɗin da yake samu ya ragu, uwarsa ce ke cika masa na balas wani lokaci daga cinikin kokonta. Ba zan ce muku ya gama warkewa ba. Amma yana gida, yana raye, kuma ana ci gaba.

Na san a cikin zaman nan akwai mai irin wannan kati a aljihunsa yanzu haka. Ban zo tona asirin kowa ba. Bayan an tashi ina nan, ba zan yi saurin tafiya ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu.